Kawu, in sayi mai GPS ko marar shi?

Ranar Alhamis ce, mun fito daga Kasuwar Dole, ɗan yayata yana tuƙi ina zaune gefensa. Motar ƴar Kwatano ce, ta maƙwabcinsu, ya aro ta don ya zagaya da ni gaishe-gaishe, tunda hutun bana a Damagaram na yi shi. A gaban motar akwai allo mai faɗin tafin hannu biyu, kuma tun da muka tashi idona yake kan wata jar kibiya da ke yawo cikin fili fari fat, ba titi, ba sunan unguwa. Muka wuce ƙofar fadar Sarki a Birni, kibiya na ta iyo abinta. Na taɓa wurin da ake ajiye adireshi, sai ga sunayen titunan wani gari na Jamus sun jeru. Yaron ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai tun da aka kawo ta haka take. Rediyo kawai muke ji da ita."

Shi wannan yaro ya samu gurbin ƙaro karatu a Faransa, yana ta shirin tafiya. Can da muka tsaya shan mai sai ya ce, "To Kawu, in Allah ya hore na sayi mota can, in nemi mai GPS a jiki ko marar shi?" Tambayar nan na sha ta a fadar shayi a Zango, na sha ta a WhatsApp daga waɗanda suka riga suka isa Turai. Shekarata 11 a Liyon ta Faransa, na sayi mota uku, don haka bari in amsa sau ɗaya kowa ya samu.

Ga mafi yawanku, kada ku ƙara ko dala a kan GPS ta jikin mota.

Abin da dillali ba zai tsaya yi maka bayani ba shi ne, sanin inda kake kyauta ne. Taurarin ɗan'adam na GPS mallakar Amurka ne, suna watso sigina ga duk mai na'urar kamawa ba tare da an biya ba. Turai ma tana da nata, Galileo, da ya fara aiki a Disamban 2016, ga na Rasha, ga na Sin, kuma wayoyin zamani suna kama fiye da ɗaya a lokaci guda. Shi ya sa kibiyar motar maƙwabcinsu take motsi daidai a Birni: ta san inda take, taswirar Nijar ce ba a zuba mata ba. Ashe ke nan abin da kake saye a jikin mota taswira ce da allo. Taswira kuwa tsufa take yi, da sauri ma.

A sabuwar mota, wannan ƙari yakan kama daga ƴan ɗaruruwan yuro har ya haura dubu, sau da yawa a haɗe da wasu kayan ƙyale-ƙyale da ba ka tambaya ba. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, wato yuro 1,000 ya kai jika 656. Ka san abin da jika 656 ke yi a gidanku, ba sai na faɗa ba. Kuma ba a nan kuɗin ke tsayawa ba. A motoci da yawa sabunta taswira sai an saya, labarin cunkoson hanya kuma kyauta ne na ɗan lokaci, daga baya ya koma biyan shekara-shekara.

Ga yadda tsufan taswira ke cutar da mutum. A ranar 1 ga Yulin 2018 Faransa ta rage gudu a kan hanyoyin karkara masu zuwa da dawowa daga kilomita 90 zuwa 80 a awa, daga baya wasu jihohi suka mayar da 90 a wasu hanyoyinsu. Burusel ta Beljiyam ta koma 30 a yawancin titunanta tun farkon 2021, Paris ta bi a Agustan shekarar, Liyon a 2022. Hanyar da ta kewaye Paris ta sauko daga 70 zuwa 50 a Oktoban 2024. Motar da aka zuba wa taswira a 2016 ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Za ta nuna maka 70 da babban rubutu, kai kuma baƙo ka yarda da ita, bayan kwana kaɗan takardar tara ta iso akwatin wasiƙarka. Radar, na'urar kama masu gudu, ba ya jin "ban sani ba", ba kamar jandarman hanyar Mirriya ba da za ka sauko ku gaisa, ka ba shi haƙuri. Allon bakin hanya shi ne doka, ko me na'ura ta ce. Waya kuwa, Google Maps ko Waze, tana sabunta kanta kullum, tana ganin inda aka rufe hanya da safen nan, ta kauce da kai.

Kada wani ya ji wannan ya ce to ba ya bukatar mai nuna hanya gaba ɗaya. A gida matambayi ba ya ɓata. Ka ce gidan wane a Garin Malam, mai tebur zai ce ka wuce masallaci, ka karya dama wajen mai injin niƙa, in ka ga dalbejiya biyu ka iso; in ya ga ka rikice ya haɗa ka da yaro. Can babu wannan. A kan babbar hanya haramun ne ka tsaya in ba lalura ba, kuma in ka wuce mafitarka za ka iya cin kilomita masu yawa kafin ka samu ta juyowa. A cikin gari ma wanda ka tara da tambaya wayarsa zai zaro. Don haka mai nuna hanya dole ne, sai dai wanda ke aljihunka ya isa.

Wani abu da ya kamata ka koya tun makon farko shi ne lambar gidan waya, mai alƙaluma biyar. Sunayen tituna maimaituwa suke yi daga gari zuwa gari, kusan ko'ina akwai titin Jamhuriya da titin Coci. A shekarata ta farko an kira ni ganawar neman aiki ƙarfe 9 na safe. Na rubuta sunan titi da lambar gida, na taɓa na farkon da ya fito, na kama hanya da sabuwar riga da murna. Na isa tara saura kwata, sai na tarar da shagon gyaran gashi. Titin ne daidai, lambar ce daidai, garin ne ba shi ba. Kafin in koma inda ake jirana goma ta wuce, aikin kuma ya tafi. Ba laifin na'ura ba ne, kuma mai tsada ma da haka za ta yi mini. Lambobin Liyon da kewayenta da 69 suke farawa, na Paris da 75. Ka duba lambar kafin ka tada mota.

Yanzu ga inda waya ke iya zame maka masifa. A Faransa, riƙe waya a hannu kana tuƙi tarar yuro 135 ce da cire maki 3, ko da kana tsaye a jan wuta. Sanya abin sauraro a kunne ma an hana tun Yulin 2015, hukuncinsu ɗaya. Cikakken farmi maki 12 gare shi, amma wanda ya yi sabon farmi da 6 yake farawa. Kamu ɗaya ya cinye rabi, kuma dole ka je kwas na kwana biyu da kuɗinka. In aka haɗa riƙon waya da wani laifin tuƙi, tun 2020 ana iya karɓe farmin nan take. Mu kuwa mun saba: hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kunne ana gaisawa da mutanen gida har a tambayi lafiyar awaki. Wannan ɗabi'a ka bar ta a filin jirgi.

Maganin ba shi da tsada. Mariƙin waya da ake maƙalawa a gaban mota, da igiyar caji mai kyau, ba za su ci maka kuɗin da ya kai cikon tanki ɗaya ba. Ka sa adireshi motar tana fake, ka ɗaga murya, ka daina taɓawa. In kuma kana da halin zaɓe, ga abin da ya cancanci a nema a mota: allon da ke karɓar Android Auto ko Apple CarPlay. Waɗannan sun fito ne wajen 2014 da 2015, kuma aikinsu shi ne su ɗauko taswirar wayarka su nuna ta a allon mota, murya ta fito ta lasifikar motar, waya kuma tana ajiye. Ka samu babban allo, ka samu sabuwar taswira, ba ka biyan kowa. Yawancin motocin ƴan shekarun nan suna da shi ko da ba a sa musu taswirar kamfani ba. Dillalai sukan cakuɗa biyun a magana, su ce "akwai GPS", don haka ka tambaya da suna.

Maganar kuɗin intanet, taswira ba ta cin abin a zo a gani, bidiyon da kuke kallo ne ke cinyewa. Kuma za ka iya sauke taswirar yankinka cikin waya kana kan wifi, ta yi aiki ko babu rezo. Tun Yunin 2017 layin wayar ƙasa ɗaya ta Tarayyar Turai yana aiki a sauran ba tare da ƙarin kuɗi ba, don haka zuwa sunan ɗan aboki a Beljiyam ko Jamus ba matsala. Suwizalan ce ba ta cikin Tarayyar, kuma ga ta nan kusa da Liyon. Ka duba yarjejeniyar layinka kafin ka nufi Janeba, an sha kuka a kan wannan.

Gaskiya dai, ta jikin mota tana da inda ta fi. Eriyarta a rufin mota take, kuma tana lissafi da juyawar ƙafafun mota, saboda haka ko an shiga hanyar ƙarƙashin dutse ba ta ruɗewa. Ramin Mont Blanc da ke ratsawa zuwa Italiya ya haura kilomita 11, waya takan yi ta kame-kame a ciki. Ba ta zafi ta mutu a rana, ba ta ƙarewar caji, kiran gida ba ya katse ta a tsakiyar shataletale. In motar lantarki za ka saya, a nan magana ta sauya: a da yawa daga cikinsu taswirar jiki ce ke sanin sauran cajin batir, ta tsara maka inda za ka tsaya, har ta ɗumama batir kafin ka isa wurin caji don ya cika da sauri. Wanda sana'arsa tuƙi ce, yini guda a hanya, shi ma samun biyu ya fi masa. Amma ɗalibi ko sabon ma'aikaci mai zuwa aiki, masallacin Juma'a da kasuwar Larabawa, bai kai nan ba.

Mafi yawanku ma ta hannu za ku saya, to a nan ku buɗe ido. In taswira ta zo a jiki ba ƙari, alhamdu lillahi, ba a ƙin kyauta. In mai mota ya ɗora kuɗi saboda ita, ka shiga saituna ka duba shekarar taswirar a gabansa, ka ga yadda muryarsa za ta sauko. Ka je da igiyarka ka jona waya ka gani da idonka. Kuɗin da ka rage akwai masu jiransa: asiransi, wanda ga sabon direba kan iya ninkawa a shekarar farko, tayoyin sanyi ko sarƙa, da aka wajabta a yankunan tsaunuka daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, da gyaran da ba a rasa ba. Motar da ta wuce shekara 4 kuma, mai sayarwa sai ya ba ka takardar binciken lafiyarta da ba ta kai wata 6 ba. Wannan takarda ta fi allo muhimmanci nesa ba kusa ba.

Ƙananan abubuwa biyu. Kada ka ajiye ainihin adireshin gidanka a na'urar mota da sunan "gida". Ɓarawon da ya ɗauke mota da makullai a ciki ya samu ɗan rakiya har ƙofa. Ka sa wani titi na kusa. Sannan wasu manyan hanyoyi yanzu ba su da shingen biyan kuɗi, kamar A79 da A13 mai zuwa Normandi. Kyamara ce ke ɗaukar lambar mota, kai kuma ka biya cikin awa 72, in ba haka ba tara ta hau. Tsohuwar taswira ba za ta gaya maka ba, za ka wuce kana cewa yau an yi sadaka.

Na san da yawanku kuna sayen mota da niyyar in ta yi shekaru a turo ta gida. To taswirar kamfani ta nahiya ce, ta Turai a Turai take tsayawa. Ranar da motar ta sauka jirgin ruwa aka hau da ita arewa, abin da ka biya jika ɗaruruwa ya zama jar kibiya cikin farin fili, kuma mai saye a Damagaram ba zai ƙara maka komai a kansa ba. Shi sanyin mota zai duba, da tsayinta daga ƙasa, da ko ana samun kayan gyaranta a Kano. Allon da ke karɓar waya kuwa aiki zai ci gaba da yi, daga Takeita har Tanut, muddin ka sauke taswirar Nijar a waya.

Ranar nan da muka gama magana, yaron ya zaro wayarsa ya buɗe taswira don ya nuna mini shi ma ya iya. Ta kawo mu Garin Malam lafiya lau, har bakin wani lungu, sai ta ce mun iso. Gidan gwaggona kuwa ba alamarsa. Ya sauke gilashi ya yi sallama ga wani dattijo da ke alwala a ƙofar gida: "Baba, don Allah gidan Hajiya mai ƙuli-ƙuli?" Dattijon bai ɗago ba sai da ya gama wanke ƙafa, sannan ya nuna bayanmu da buta ya ce, "Kun wuce shi. Ku bar motar nan, ba ta shiga."