Yadda na gyara aikin ƙirga bugun zuciya da ya rikice mana

A zangon da ya wuce na ba ɗaliban aji biyu na ƙaramar sakandare aikin mako huɗu a darasin motsa jiki. Kowane rukuni zai riƙa auna bugun zuciyar 'ya'yansa kafin gudu, da bayan gudu, da bayan hutun minti biyu, a zuba lambobin a jadawalin da ke wayata.

Makon farko lambobin suka fito kamar an watsa gero. Yaro yana zaune lafiya ƙalau an rubuta masa 140, wani ya zagaye fili yana haki wai 60. Na zargi manhajar, har na goge ta na sake saukewa, data ta tafi a banza.

Sai da na ɗauki bidiyon wani rukuni na kalla da dare sannan na gano. Ashe da babban yatsa suke danna wuyan hannun abokinsu, shi kuwa babban yatsa yana da nasa bugun. Kuma minti guda cur suke ƙirgawa, su ɓace a tsakiya su cike da ka, alhali bugun yana ta sauka.

Washegari na ce manuniya da ɗan yatsan tsakiya kawai, a gefen da babban yatsa yake. Ƙirga daƙiƙa 15 ne, ni ke riƙe agogon waya, usur na fara, usur na tsayar, jadawalin ya ninka sau huɗu da kansa. Na kuma sa ya yi ja idan lamba ta haura 207, wato 220 a cire shekarun yaran, 13, ƙiyasin ƙololuwar bugu a minti ɗaya kenan.

Sau ɗaya ya yi ja tun daga nan, shi ma sifili ne wata yarinya ta ƙara.