Yadda za ka motsa jiki ɓargonka ya saki ƙwayoyin gyaran jijiya

Aikina duba jini ne a ɗakin gwaje-gwaje, bayan sallar asuba kuma ina cikin masu zagaye Dandalin Murtala. Abokan gudu kan tambaye ni ko hakin nan da muke yi yana taɓa jini da gaske, ko tumbi kawai muke ragewa. Yana taɓawa, amma sai an yi shi bisa ƙa'ida.

A cikin ɓargon ƙashi akwai ƙwayoyin halitta da ba su gama girma ba. A 1997 wani likita ɗan Japan, Takayuki Asahara, da abokan aikinsa a birnin Boston na Amurka suka nuna cewa irinsu na yawo a jinin babban mutum, kuma suna da hannu a gyaran siririyar fatar da ta shimfiɗe cikin jijiyoyin jini. Kamar masu facin titi suke, inda kwalta ta fashe can suke nufa. Shan taba, ciwon suga, hawan jini da tsufa duk suna rage su. Kada ka zo mana ka ce a ƙirga maka su, gwajin jini na kullum ba ya ganinsu, sai na'ura ta musamman mai neman wata alama da ake kira CD34 a jikinsu.

Idan ka ɗau gudu, jini yana gogar bangon jijiya da ƙarfi, bangon ya fitar da sinadarin naitirik oksaid. Tsokar da iska ta fara yi wa ƙaranci ita ma ta aika nata saƙon. Waɗannan ne ke sa ɓargo ya sassauta riƙo, ƙwayoyin su fito.

Abu na farko, tsawon lokaci. A 2005 Ulrich Laufs da tawagarsa a Jamus sun sa lafiyayyun mutane gudu. Gudun minti 30, mai tsanani ne ko matsakaici, ya ɗaga adadin ƙwayoyin, na minti 10 kuwa bai ɗaga ba. Don haka wanda zai yi zagaye biyu ya zauna hira a kan mota, ya motsa jini dai, amma ɓargo bai ji kira ba. Fara da tafiya ta minti 10 jiki ya ɗau ɗumi, sannan ka riƙe rabin awa ba tsayawa.

Ƙarfin gudun fa? Ni da baki nake aunawa. In kana iya zuba labarin siyasa tiryan-tiryan, ka ƙara wuta. In ko amsa sallama ta gagare ka, ka wuce gona da iri. Inda ake so shi ne ka iya cewa "muna nan lafiya" sai ka ja numfashi. Mai son lissafi ya cire shekarunsa daga 220. Ɗan shekara 40 zai samu 180, kimanin iyakar bugun zuciyarsa a minti ke nan, sai ya nemi kashi 70 zuwa 85 cikin ɗari, wato bugun zuciya 126 zuwa 153 a minti. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, ka ƙirga na daƙiƙa 15. In ka samu 32 zuwa 38, kana kan hanya.

Ga inda mutanenmu suka fi yin sakaci. Hauhawar ƙwayoyin ba ta daɗewa. Takan kai ƙololuwa cikin rabin awa bayan an tsaya, daga nan ta riƙa sauka. Mai zuwa ranar Asabar kaɗai ya kashe kansa da gudu, ya kwana uku yana ɗingishi, bai kai mai fitowa sau uku ko huɗu a mako ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 75 na motsi mai ƙarfi a mako, ko 150 na matsakaici. Raba su, ka bar kwana guda tsakanin ranakun wahala.

Da hunturu, in ƙura ta rufe gari har ba ka hango ƙarshen fili, ka haƙura ko ka yi tsallen igiya a tsakar gida, musamman mai asma. Da bazara kada ka bari hantsi ya dubi ludayi, kuma gorar ruwa na hannunka. A watan azumi sai bayan an sha ruwa abinci ya faɗa.

Akwai wani dattijo da muke haɗuwa, mai ciwon suga, da ya ce shi ma zai bi sahun samari. Na ce, "Baba, a fara ganin likita tukuna, sannan tafiya mai sauri ta ishe ku." Haka nan mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mai sikila, don gudu mai tsanani da ƙishirwa na iya tayar wa mai sikila ciwo. Makonni na tafiyar sauri a kai a kai su ma suna ƙara ƙwayoyin, har ga masu ciwon zuciya. Duk wanda ya ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko ciwo na sauka hannun hagu, ya tsaya nan take a kai shi asibiti.