Yadda ake rubuta takardar tsarin aiki kafin zuba dakin na bene

Takardar tsarin aiki rubutu ne da ɗan kwangila ke shiryawa kafin a soma wani aiki mai haɗari a wurin gini, inda yake bayyana yadda za a gudanar da shi mataki-mataki, da wanda nauyin kowane mataki ya rataya a wuyansa, da tanadin da aka yi don kada ma'aikaci ya ji rauni. A Ingila, inda aka fi sabawa da ita, dokar gine-gine ta 2015 ta wajabta a rubuta tsari kafin a rushe gini ko a sauya ginshiƙansa, a sauran ayyuka kuwa galibi babban ɗan kwangila ne ke neman ta daga ƙananan da ya ba aiki. Zuba dakin, wato shimfiɗar kankare da ake yi a saman gini, ya dace da misali, domin rana ce da ake tara leburori masu yawa a kan katakon da gora kaɗai ke tokare da shi.

Da farko mai rubutu ya je wurin da ƙafarsa, tare da injiniya da kafinta, ya duba ƙasar da za a kafa gora a kanta, da wayar wutar da ta gifta kusa da ginin, da inda za a ajiye injin kwaɓa kankare. Takardar da aka kwafo daga wani aiki aka sauya suna da kwanan wata ba ta san da wayar da ke saman wannan gini ba, don haka a ganina ba ta da amfani.

Sannan a jera aikin yadda zai gudana, kuma batun nauyi shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Mita ɗaya ta kankare, tsawo da faɗi da zurfi, tana kai kimanin kilo 2,400, wato dakin mai kaurin santimita 15 yana ɗora wa kowace murabba'in mita kilo 360, ban da nauyin mutane da kwanukan da ke kansu. Saboda haka takardar ta faɗi tazarar da injiniya ya yanke tsakanin gora da gora, ta ce a shimfiɗa katako ƙarƙashin kowace don kada ta nutse idan ƙasa ta jiƙe, ta ambaci sunan wanda zai duba tokarar ya sa hannu kafin a kunna inji. Ta kuma hana jibge kankare wuri guda, ta hana kowa shiga ƙarƙashin katakon muddin ana zubi.

A bakin dakin a kafa shinge mai tsawon santimita 95 aƙalla, tsani kuma a ɗaure shi daga sama, gindinsa ya nisanci bango da mita ɗaya a kowace mita huɗu ta tsawo. Hanyar masu hawa da kaya ta bambanta da ta masu saukowa. Hular kwano da takalman roba da safar hannu a rubuta adadinsu da wanda zai saya, domin ɗanyen siminti yana ƙona fata, kuma idan ba a fayyace ba leburan da ake biya kullum zai hau da silifas.

A ƙara sunan asibiti mafi kusa, da motar da za ta ɗauki wanda ya ji rauni, da mai riƙe da akwatin taimakon gaggawa. Da safiyar zubi, foman ya tara ma'aikata ya karanta musu takardar da harshen da suke ji, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Idan ruwan sama ya sauko cikin dare ko aka sauya kafinta, a dakata a sake dubawa a gyara rubutun.

Sashe na ƙarshe na cire tokara ne. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi, don haka a rubuta cewa injiniya kaɗai ke da ikon sa ranar zare gora, ko da mai katakon haya ya matsa a mayar masa da kayansa.