Yadda za ka daina rikita kalmomin Turanci masu kama da juna

Mafi yawan masu shirin WAEC ko NECO ko JAMB dabararsu ɗaya ce, su samu dogon jerin kalmomi a bayan littafi su yi ta hadda, bayan sati guda komai ya zube. Ni dai shawarata kafin ka haddace komai ka fara gano ta inda kalmar take yaudararka, ta kunne ne, ta ido, ko ta ma'ana, don kowanne maganinsa daban.

Na kunne su ne turawa ke ce wa homophones, furuci ɗaya rubutu daban. Week da weak, sun da son, meat da meet, write da right, sai their da there waɗanda ke kada har manya a Facebook. Kar ka taɓa rubuta su tsurarsu, saka kowace cikin jimlar da kai ka ƙirƙira, sannan ka ba abokinka ya riƙa yi maka shifta kana rubutawa. Amma fa a lura, ba duk abin da kunnenmu ya ji iri ɗaya ba ne haka yake. Mu Hausawa ba mu raba p da f, shi ya sa pan da fan, ko pull da full suke haɗe mana, alhali wurin bature ko kusa ba ɗaya ba ne. Haka ship da sheep, wasalin ɗaya gajere ɗaya dogo. Waɗannan gyaran baki suke so, ka buɗe dikshinari a waya ka danna alamar lasifika ka yi ta maimaitawa, don a jarrabawar oral ta WAEC nan ake zubar da maki.

Na ido kuma rubutu ɗaya ne furuci ya bambanta, kamar dai mu da gari na zama da gari na tuwo. Read in yanzu ne rid za ka ce da dogon wasali, in an riga an karanta ya koma red. Lead jagoranci ce, kuma ita ce dalma in ka furta ta led. Record, present, object, in suna ne ƙarfin murya a gaɓar farko yake, in aikatau ne ya koma ta biyu. Akwai kuma irin su bank, banki ko bakin kogi, nan jimla ce kawai za ta raba gardama.

To sai babban, na ma'ana, wato synonyms, masu ma'ana kusan ɗaya, da antonyms, masu kishiyar ma'ana. Abin da yara ba sa ganewa shi ne takardar jarrabawa nearest in meaning take cewa, mafi kusa, ba ta ce daidai wa daida ba. Big da large kusan ɗaya ne amma yayanka big brother ne, in ka ce large brother ka zage shi da ƙiba ke nan. Slim yabo ne, skinny kuwa kamar ka ce mutum ya rame. Childlike ba laifi, childish raini ne. Saboda haka ka cire kalmar da aka ja wa layi, ka gwada zaɓi huɗun nan ko biyar ɗaya bayan ɗaya a gurbinta ka ji wanne ya zauna.

Kishiya ma haka, kishiyar old in mutum ne young, in mota ce new. Kishiyar light tana iya zama heavy ko dark. Kuma kar ka ɗauka kowane in- da ka gani a farkon kalma kishiya yake nunawa, invaluable ba mara daraja ba ne, mai matuƙar daraja ne, inflammable kuma da ake rubutawa jikin tankar mai nufinsa yana saurin kama wuta.