Babi na Tara: Rasit, Garanti da Inshorar Kayan Gida

Wannan babi na 'yan aji biyu ne, waɗanda suka fara karanta lambobi da rubuta sunansu. Wanda karatunsa bai kai nan ba kada ya ji kunya. Ya matsa kusa da wanda ya iya, su bi layi-layi da yatsa. Ba tsere muke yi ba.

Darasi na ɗaya: Kada ka bar shago hannu biyu

Wani ɗalibina a nan Jega, mai sayar da ƙanƙara da ruwan leda, ya tara kuɗin shinkafar rani ya tafi Birnin Kebbi ya sayo firiza sabuwa fil, da kwalinta. Wata huɗu ta daina sanyi. Ya same ni bayan Isha'i ya ce, "Malam, mai shagon da bakinai ya ce in ta ɓaci in maido." Na ce madalla, ina rasit? Ya laluba aljihun gaba ya zaro wata 'yar takarda mai santsi, an ninke ta gida huɗu, gumi ya jiƙa ta ya bushe. Muka haska fitilar waya. Babu komai a kai sai inuwar rubutu, kamar sawun kaza bayan iska ta bi. Da ya koma shagon, yaron da ya sayar masa ya bar aiki, maigidan kuma ya ce bai shaida shi ba.

Garanti alkawari ne da kamfanin da ya ƙera kaya, ko dilansa, yake yi: idan kayan ya lalace don kansa a cikin wani lokaci, za a gyara kyauta ko a canza. Yawancin sababbin kayan wuta, irin su firiji, talabijin, fanka da waya, lokacin shekara ɗaya ne, wato wata 12. Wasu sun fi haka. Amma alkawarin a takarda yake zaune. "Ba komai, Alhaji, in ya ba da matsala ka dawo" gaisuwa ce ta kasuwa.

Saboda haka kafin ka ɗaga kaya, ka karɓi rasit, ka tsaya nan gaban mai shago ka duba abu uku: kwanan wata, lambar jikin kaya, da hatimin shago. Ku faɗa da ƙarfi, kowa da kowa. Kwanan wata, lambar jiki, hatimi. A sake.

Mu fara da kwanan wata. A saman rasit ka nemi kalmar Turanci mai harafi huɗu, D, A, T, E. Abin da ke gabanta shi ne ranar da ka saya. Za ka ga lambobi kashi uku, da sanda a tsakaninsu, kamar haka: 05/08/2025. Na farko rana ce, na tsakiya wata, na ƙarshe shekara. Ke nan 5 ga wata na takwas, Agusta, 2025. Ɗora yatsa a kan na farko ka ce rana. Matsa ka ce wata. Matsa ka ce shekara. Idan garantin na wata 12 ne, zai ƙare a farkon Agusta 2026. Kada ka jira ranar ƙarshe.

Da yawanku kuna cewa "ai bayan Babbar Sallah na saya". Haka muka saba lissafi, ba laifi ba ne. Sai dai kamfani da watan Bature yake ƙirge, kuma shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, don haka Sallah ba ta tsayawa wuri ɗaya. Abin da ke kan takarda shi za a bi. In mai shago ya bar gurbin kwanan wata fayau, miƙa masa ya cike. Ba rashin kunya ba ne, kuɗinka ka biya.

Yanzu lambar jiki, kuma a nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, don haka za mu daɗe. Kowace firiji da lambarta ita kaɗai, yadda kowane babur yake da lambar inji. Juya kayan, ka duba baya ko gefe ko cikin ƙofa, za ka ga takarda a manne. Nemi harafi biyu, S da N, sau da yawa da sanda a tsakani, S/N. Jerin da ke gabansu shi ne lambar. Akwai wata lamba kusa da ita wadda ke nuna samfurin kayan. Wannan dubban firiji ne suke da irinta, ba ita muke nema ba. Mai S da N muke nema. Ita ce dole ta hau rasit. Rasit da aka rubuta "firiza ɗaya" kawai bai nuna wace firiza ba ce, kuma ranar rigima za a ce maka ba wannan aka sayar maka ba.

Ka sa mai shago ya rubuta, sannan kai ka gwada. Yatsan hagu a kan jikin kaya, na dama a kan rasit, harafi ɗaya-ɗaya. Kula da masu kama da juna: sifili da harafin O, lamba 1 da harafin I, 5 da S, 8 da B. Ko masu digiri suna rikita su, don haka in ka ɓata, numfasa ka koma farko. Ka gama? Sake bi daga ƙarshe zuwa farko. Mutanen da ke bayanka su jira, minti biyu ne.

Waya kuwa da sauƙi. Danna *#06# kamar za ka kira, lamba mai guda 15 za ta fito. Gwada ta da wadda ke jikin kwali, da wadda ke kan rasit. In ukun ba su zo ɗaya ba, ajiye wayar.

Na uku hatimi, mai ɗauke da sunan shago da inda yake. Sa hannu kaɗai bai isa ba, ka ji abin da ya sami mai firiza. In akwai katin garanti cikin kwali, shi ma a cike shi, a buga masa hatimi a nan take.

Ka isa gida, ran nan ba gobe ba, ka ɗauki hoton rasit da waya, ka yi fotokwafi. Wannan takarda mai santsi da na'ura ke fitarwa, zafi da rana suna cinye rubutunta, zafin Kebbi kuwa kun san shi. Sa takardun a leda, ka ɗaure, ka sa a gwangwani mai murfi, ka ɗora sama inda ruwa da gara da ɓera ba su kaiwa. Ba ƙarƙashin katifa ba. Kwafi ɗaya ka kai gidan ɗan'uwa.

Aikin gida: kowa ya juya wani kayan wuta na gidansa, ya kwafo lambar S/N a littafinsa. Ko rediyo ce ta wadatar.

Darasi na biyu: Abin da garanti bai ɗauka ba

Waɗanda suka kawo aikin gida ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, cikinsu ma akwai wanda ya kwafo lambar samfuri. Ba komai. Mu koma. Wace lamba muke nema? Mai S da N. Da wane yatsa? Biyu, ɗaya a kaya, ɗaya a takarda.

Garanti na laifin masana'anta ne. Talabijin ta faɗo daga teburi, waya ta faɗa randa, ɓera ya ci wayar firiji, duk wannan naka ne. Wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona kaya, yawancin kamfanoni ba sa ɗauka, shi ya sa sitabilaiza ba ado ba ce. In an ɗauke wuta, zare filogi.

Babban kuskure shi ne kai kaya wurin mai gyara na bakin hanya alhali garanti bai ƙare ba. Na san ya fi kusa, na san ɗan unguwa ne. Amma da zarar ya sa sukundireba ya yage tambarin da ke kan noti, garanti ya mutu, ko da saura wata goma. Fara komawa shagon, da rasit a hannu.

Masu sa sola ku saurara. Faranti daban, batir daban, inbata daban, kowanne da tsawon garantinsa, kuma na batir ne ya saba zama mafi gajarta. Kada a haɗa muku su a layi ɗaya a ce "kayan sola". Kowanne da layinsa, kowanne da lambarsa ta jiki. Kayan gwanjo da 'yan Kwatano kuwa ba su da garantin kamfani, sai 'yan kwanakin gwaji da mai sayarwa ya yarda. Ko kwana uku ne, a rubuta.

In kana da takardunka cif aka ƙi sauraronka, akwai hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana karɓar ƙorafi. Ita ma abin da za ta fara tambaya rasit ne.

Darasi na uku: Inshora da takaful

Garanti ba ruwansa da gobara, ambaliya, guguwa ko ɓarawo. Wannan aikin inshora ne. Wanda ya ga damunar 2020, lokacin da ruwa ya shanye gonakin shinkafa da gidaje a sassa da dama na jihar nan, ba sai an yi masa bayanin ambaliya ba. Gobarar hunturu ma kowa ya san mafarinta: kaskon garwashi a ɗaki, hita da aka manta a bokiti, jarkar fetur a bayan ƙofa.

Yadda abin yake, kana biyan kuɗi kaɗan duk shekara, kamfani ya ɗauki alkawarin biyan asarar da aka rubuta a takardar yarjejeniya. Duk ajin da na koyar sai an tambaye ni, "Malam, wanga abu ya halatta?" Ni ba mai fatawa ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da zan gaya muku shi ne akwai takaful, tsarin da aka gina bisa Shari'a. Mutane suna zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, wanda masifa ta faɗa wa a biya shi daga ciki, in an sami rara a ƙarshen shekara masu zubi suna da rabo. Ya yi kama da karo-karon da unguwa ke yi wa wanda ya yi gobara, sai dai an tara tun kafin wuta ta tashi. Ba adashi ba ne, babu layin kwasa. Hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful.

Gini daban, kayan ciki daban. Ɗan haya ba ruwansa da gini, kayansa zai tsare. Ke uwargida, kayan ɗakinki naki ne, gado, katifa, kujeru, kwanuka, ki tabbata sun shiga lissafi. Inshorar gobara zalla ba lallai ta haɗa da ambaliya ba, sai an rubuta. Ce wa wakilin kamfanin ya ɗora yatsa a kan layin da ya ce ambaliya, ya karanta maka. Ta sata kuma galibi sai an fasa ƙofa ko taga. Faɗi gaskiyar gininka, na ƙasa ne ko na bulo, kwano ne ko ciyawa. Ƙarya tana ɓata yarjejeniya.

Kada ka rage darajar kaya don ka biya kaɗan. Misali, kayanka na naira miliyan 2 ne ka ce miliyan 1. Wuta ta ci na dubu 600. Rabin daraja ka faɗa, rabin asara za a biya, dubu 300.

Dokar ƙasa ita ce in ba ka biya kuɗin inshora ba, kamfani bai ɗauki asararka ba. Biya a asusun kamfani, ba na wakili ba, ka karɓi rasit. Me za ka duba? Haba jama'a, wata guda muna kan abu ɗaya! Manya da ku, kun san farashin buhun shanshara a kowace kasuwa daga Kamba har Yauri, amma kwanan wata ya gagare ku? Rana, wata, shekara. Takardar inshora tana da kwanan wata biyu, na farawa da na ƙarewa. Na ƙarewa ya wuce ba ka sabunta ba, kai da wanda bai taɓa biya ba ɗaya kuke.

Darasi na huɗu: Lissafin kaya

Ja layi uku a littafinka, gida huɗu ke nan: sunan kaya, ranar saye, kuɗi, lambar jiki. Bi ɗaki-ɗaki ka cike. Ɗauki hoton kowane ɗaki. Yadda ake kwafar lamba yana darasi na ɗaya, ba zan maimaita ba.

Darasi na biyar: Idan abu ya faru

Rai tukuna. Sannan ka sanar da kamfanin inshora da wuri, ka ɗauki hoto, kada ka zubar da abin da ya ƙone. Gobara, takardar 'yan kwana-kwana. Sata, ta 'yan sanda. Ranar Asabar kowa ya zo da rasit ɗaya da biro.