Ku raba gyaran salo da gyaran aiki

Jama'a, kafin ku tura gyara ga wata manhaja, ku duba ƙa'idar rubutun masu ita, don kowane gida da irin tsarinsa. Linux yana tura layi ciki da tab mai faɗin haruffa 8, kuma a 2020 aka ɗaga gargaɗin tsawon layi na checkpatch.pl, shirin da ke duba salon gyaran da aka turo, daga haruffa 80 zuwa 100. A yaren rubuta manhaja na Python, PEP 8, kundin salon rubutunsa, ya ce sarari 4 da haruffa 79 a layi, Black kuwa, shirin da ke jera rubutun Python da kansa, ya tsaya a 88. Mutanen yaren Go sun kashe musun da gofmt, shirin da ke jera rubutun kowa a salo ɗaya.

Abin da ya fi ɓata wa mai dubawa rai shi ne a gyara kuskuren layi uku, sannan a sake jera layi ɗari biyu duk a commit guda, wato ƙunshin gyara ɗaya da ake adanawa a tarihin manhajar. Ainihin gyaran ya nutse, git blame kuma, mai nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, ya jingina muku aikin wasu. Don Allah ku raba su biyu. Commit ɗin gyaran salon, ku sa lambarsa a fayil ɗin .git-blame-ignore-revs, GitHub, dandalin ajiye manhajoji, yana karanta shi da kansa ya tsallake wannan commit ɗin a blame.

Masu dubawa kuma, ku sa shirin jera rubutu irin su clang-format ko Black ya riƙa gudana kafin kowane commit.