Kurakuran masu harbin manyan kifaye da bindigar mashi

Sabon mai nutso yakan ɗauka doguwar bindiga ce ke kamo babban kifi. Sai ya sayi mai tsawon santimita 130, ya shiga da ita ruwan da ba a ganin abin da ya wuce mita uku, kafin ya juyo bakinta kifi ya yi gaba. Hasken ruwa ne ke zaɓa maka bindiga. A gurɓataccen ruwa ko tsakanin duwatsu, ta santimita 75 zuwa 90 ta wadatar. Dogaye, daga 110 zuwa sama, na tsakiyar teku ne, inda ruwa yake garau kuma kifi ba ya yarda a matso shi.

Wasu kuma su jibga wa siririn mashi roba uku, wato robobin da ake ɗamewa su cilla mashin, don neman ƙarfi. Mashi mai kaurin milimita 6.5 ba ya ɗaukar wannan. Zai fita yana lilo, ya kauce. Ga kifi irin tuna, nemi mai milimita 7.5 ko 8. Kifin wahu kuwa, wani babban kifin teku mai gudu, namansa taushi gare shi, yana fizga sai ya yage ya tafi da rauni, shi ya sa ake sa masa kan mashi mai cirewa, wanda ke gicciyewa a bayan nama. Kada kuma ka bari babban kifi ya ja ka kai da bindigarka. Ɗaura mashin da doguwar igiya zuwa wani abu mai iyo a saman ruwa, kamar gorar masunta, shi ne zai gajiyar da kifin.

Amma inda aka fi faɗuwa shi ne harbi daga nesa. Gilashin nutso maƙaryaci ne: yana ƙara wa abu girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, yana kuma matso da shi. Ka ga kifi kamar a gabanka, ka ja kunama, mashi ya kai ƙarshen igiyarsa ya faɗi ƙasa. In ba ka ga ƙwayar idonsa da ɓawon jikinsa sosai ba, da saura.

To yaya ake matsowa? Ba da bi ba. Kifi yana da wani layi a gefen jikinsa da yake jin motsin ruwa da shi, don haka bugun ƙafa da ƙarfi tamkar shela ce. Zura masa ido ma korarsa yake yi. Ka kawar da kai, ka manne bindiga a jiki, ka yi iyo a gefensa kamar hanyarku ce ta zo ɗaya. Mutanen Italiya suna da dabarar da suke kira aspetto, wato jira: ka sauka ƙasa, ka lafe bayan dutse, ka ɗan tayar da yashi. Son gani ne zai kawo kifin da kansa. Ni a ganina, wannan haƙurin ya fi duk bindigar da ke kasuwa. In ya zo, auna bayan ido, inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da ƙashin baya, ba ciki ba.

Jiran nan yana da tarko, domin numfashi ake riƙewa a nutsa. Mai jan numfashi da sauri-sauri kafin nutso ba ya jin buƙatar iska da wuri, sai ya suma daf da fitowa. Ku zama biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama yana kallonsa har ya fito ya dawo hayyacinsa.